Jiran Kawu a Mont-Dore

Ɗana Lafa yakan ce Faransawa ba sa shan wahalar raɗin suna. In suka sauka a ƙasa sai su ɗaga kai, in sun ga dutse su ce sunan garin ke nan. Yana da aboki soja, mutumin tsibirin Réunion, wanda sunan garinsu La Montagne, wato Dutse kawai, ba ƙari. Fadan cocinmu kuma ya taɓa zama a Kodibuwa, ya ce can akwai lardi guda da ake kira Duwatsu Goma Sha Takwas.

"To mu an tausaya mana, Mama, an haɗa mana da zinariya," in ji Lafa, don sunan garinmu Mont-Dore, Dutsen Zinariya. Sai ya ɗaga min tafin ƙafarsa, ja wur da ƙasa, ya ce, "Ga rabonki nan, ki adana."

Ni Honorine, ba 'yar nan ba ce. A kwarin Ponérihouen aka haife ni, can arewa. Aure ne ya kawo ni gindin wannan dutse. Mijina Soakimi mutumin tsibirin Wallis ne, iyayensa sun zo aikin haƙar ƙarfen nikel suka zauna. Lafaele, wato Lafa, shi kaɗai Allah ya ba mu.

Da na haife shi, yayana Anicet ya hau bas tun daga ƙauye da doya a buhu. A wurinmu uba yana ba yaro suna da ƙasa, amma jini da numfashi na kawu ne. Yaya ya ɗauki jaririn, ya kai baki kunnensa ya hura. Sannan ya miƙa wa Soakimi ya ce, "Mutumin teku, aro na ba ka. Ranar da ka gama da shi, da bakinka za ka zo ka gaya min."

Soakimi ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai kafin nan mun daɗe a ƙasa ni da kai."

Ya koyi al'adarmu, ba zan ɓoye masa wannan ba. Ranar da Lafa ya faɗo daga keke ya fasa goshi, Soakimi ya sayi yadi da taba ya kai wa Yaya, don jinin kawu ne ya zuba a hannun uba. Ya dawo yana mita, wai in yaron nan ya ci gaba da hawan keke sai ya buɗe wa surukinsa kantin yadi. Yaya kuma in ya zo wurinmu sai ya tsaya a ƙofar gida ya dubi dutsen, duk masu haƙa sun kwashe masa gefe, ya ce, "Auta, har yanzu kuna nan ƙarƙashin mai sanƙon nan? Wa ya feɗe shi haka da ransa?"

Wannan tsiya ta kawunsa ce ta shiga kan Lafa. Da ya girma sai ya kama aikin dashen itatuwa a inda masu haƙa suka bari tsirara. Bayan gidanmu ya cika da dashe a baƙar leda. Yakan ce, "Ki bari in sa wa mai sanƙon gashi, in kira Kawu ya zo ya ci maganarsa."

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Sun hau da a-kori-kura cike da dashe ta tsohuwar hanyar masu haƙa, ƙasar ta zame. Su uku ne, biyu suka fita. Ina tsakar gida ina shanya aka zo. Abin da na fi tunawa shi ne na ci gaba da shanyar har na gama, mutumin da ya kawo labarin yana tsaye.

A asibiti Soakimi ya shiga ya gan shi ya fito. Bai yi kuka ba. In aka yi masa gaisuwa sai ya ce, "Yaron ya hau dutse." Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan.

Na ce masa, "Baban Lafa, sai ka tafi wurin Yaya. Kada kowa ya ji a arewa kafin shi."

Ya haɗa yadi da taba da kansa, ya naɗe su yadda ake yi. Da ya zo shiga mota sai ya tsaya riƙe da ƙofa, ya kasa ɗaga ƙafa. Ya kira wani ɗan baffansa ya ɗanƙa masa, ya ce ya kai. Na gani, raina bai so ba, amma ban da ƙarfin magana.

Abin da ban sani ba, ƙanwarsa Akata, goggon Lafa, da ta bar asibiti gidan rediyo ta wuce. Su mutanen Wallis haka suke yi. In an yi rasuwa so suke kowa ya ji kafin rana ta faɗi, don a fara gyaran alade da tabarmi, a sanar da na tsibiri. Da tsakar rana aka karanta sanarwa, da cikakken sunansa, da nawa, da sunan ƙauyenmu. Lokacin nan manzon ko rabin hanya bai yi ba. Yaya kuwa ba ya zuwa gonar doya sai da 'yar rediyonsa, ya rataye ta a reshe.

Washegari manzon ya dawo. Ya shigo ya ajiye yadin a kan teburina yadda aka naɗe shi, ko warware shi ba a yi ba.

"Bai karɓa ba?" na ce.

"Ko kallonsa bai yi ba. Cewa ya yi, tunda rediyo ce kawun yaron, ta zo ta rufe masa akwati."

A wurinmu ba mai rufe akwatin mamaci sai kawunsa. Shi zai sunkuya ya karɓi numfashin da ya ba da, ya sallame shi, ya ɗora murfi. In ba a yi haka ba, an binne nama ne kawai, mutumin yana nan tsaye a tsakani, bai tafi ba, bai zauna ba. Tun ina yarinya nake jin haka, kuma ban taɓa jin wanda aka binne babu kawu ba sai wanda teku ta ci.

Gidan ya cika da dangin Soakimi. Mata suna jera tabarmi, maza suna haƙa ramin gashi a bayan gida, kusa da dashen Lafa. Fada ya sa ranar Asabar, ɗakin ajiye gawa ma ba za su riƙe shi har abada ba. Akata ta same ni a kicin.

"Maman Lafa, wai me yayanki yake nufi? Ji dai ya ji. Ko kunnen nasa biyu ne, ɗaya na rediyo ɗaya na mutane?"

"Bai ji ba, Akata."

"To in ya ƙi zuwa ba ga Fada ba? Guduma ce da ƙusa, ni ma na iya."

"Ki taɓa murfin nan in karya miki hannu."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta tsaya da tukunya a hannu, sai ta fashe da kuka. "Ni na goye shi," in ji ta. "Lokacin da kika yi ciwon nono wa ya kwana da shi? Na ce a faɗa wa duniya ne don kada a ce ɗan gidanmu ya tafi shiru kamar marar kowa."

Na san gaskiya ta faɗa, amma ban rarrashe ta ba.

Na fita na sami Soakimi zaune a kan bokiti a tsakanin ledojin dashe, yana ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya alhali ƙasarsu a jiƙe take. Na ce, "Tashi. Ni ba ni da hurumin kai wannan magana, ni 'yar can ce, ba a aiken mutum gidansu da mutuwar ɗansa. Amma zan zauna a mota kusa da kai."

"Me zan ce masa?"

"Abin da ya faru."

Ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko saiwar kava da mahaifinsa ya bar masa, ƙatuwa, wadda suke kai wa babban mutum in za a nemi gafara. Muna shirin tashi sai ga Akata ta ɗaura tabarma a ƙugu, irin ɗaurin makokinsu, ta buɗe baya ta shiga. Ba wanda ya ce mata zo, ba wanda ya ce ta fita.

Mun tashi da sassafe, muka ƙetare tsaunuka zuwa ɗaya gaɓar. A hanya Akata ta miƙo min burodi na ƙi karɓa. Rana ta karkata kafin mu shiga kwarinmu.

Ƙauyen shiru. Ba rumfar makoki, ba hayaƙin girkin baƙi. Matar Yaya ta fito ta rungume ni, amma ba ta yi sautin kuka ba. Ta ce a kunnena, "Ya hana kowa kuka. Ya ce ba a yi mana mutuwa ba tukuna. Tun ranar ko ruwan kwakwa bai sha ba, gona kawai."

A gona muka same shi, yana kafa wa doya sanda. Rediyon tana nan a reshe, a kashe. Ya rame cikin kwanakin nan har wuyansa ya fito. Ya ga inuwarmu, bai juyo ba.

"Yaya," na ce.

"Auta, ke ce? Kin zo ganin gida? Ina yaron nawa, ya gama sa wa mai sanƙo gashi?"

Na kama bakina da hannu biyu.

Akata ta wuce gaba ta zube a cikin kunyar doya, guiwa biyu, tabarmarta duk ta ɓaci da laka. "Baba, ni ce. Ni na kai rediyo. Ban san hanyarku ba. Ka yi min duk abin da ka ga dama."

Yaya ya dube ta. "Tashi, goggon yara, kina taka min doya. Ba ke na ba aro ba." Ya ɗaure sandar da ke hannunsa, sannan ya juya wajen Soakimi. "Mutumin teku. Ka zo da kaya haka, lafiya?"

Soakimi ya shimfiɗa yadin a ƙasa, ya ɗora tabar, ya ɗora saiwar kava. Ya durƙusa. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da aka yi."

"Me aka yi?"

"Ai ka ji."

"Ban ji ba. Akwatin rediyo ya yi surutu a kan itace, akwati kullum surutu yake. Wani yaro da ban san ubansa ba ya zo da yadi, ban san shi ba. Kai na sani. Me ya kawo ka?"

"Yaron ya hau dutse."

"Kullum hawa yake. Sai me?"

Na ji kamar in kama Yaya da duka. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, ka dubi mutumin nan."

"Ki yi shiru, Auta, ba da ke nake ba." Ya sake juyawa wajen Soakimi. "Na ce da bakinka. Ka yi dariya ranar, ka tuna? To ina jira. Ba zan yi wa yarona kuka a kan maganar akwati ba."

Soakimi ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ƙato ne, ya yi biyun Yaya. Bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Tsuntsaye suna ta kuka a bakin rafi. Sai ya ce, a hankali kamar mai koyon magana:

"Lafaele ya mutu. Ɗan da ka ba ni ya mutu a hannuna. Na zo in gaya maka."

Yaya ya sunkuya ya ɗora hannu a kan yadin. Ya karɓa ke nan. Sai ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin namiji ba, ya faɗi a kan Soakimi, suka rungume juna cikin laka. Daga can ƙauye muka ji matarsa ta ɗauka, sai gidan kusa, sai na gaba, har kwarin duka ya amsa. Ashe kowa jira yake. Nan ne ni ma na yi kukana na fari. Wadda ta riƙe ni kada in faɗi Akata ce.

Washegari muka juyo, motoci uku, da doya da gwaza da tabarmi da mazan gidanmu. Da muka iso, dutsen yana tsaye a gabanmu, ruwa ya wanke gefensa ya yi ja kamar sabon yanka. Yaya ya ce a tsaya a bakin hanya. Ba ya shiga ƙasar wasu da maganar mutuwa bai gaida masu ita ba.

Ya ce, "Auta, yaya sunan dutsen nan?"

"Mont-Dore mana."

"Wannan na takarda ne. Zan yi magana da wanda ya ga ƙarshen yarona, in kira shi da sunan da baƙo ya laƙa masa? Sunansa nake tambaya."

Na dubi Soakimi, ya dube ni. Na fi shekara ashirin ina shanya a gindinsa, ina shan ruwan da ke fitowa daga cikinsa, ɗana ya mutu a kansa, ban san sunansa ba.

Aka je aka ɗauko Iya Eulalie, maƙwabciyarmu, tsohuwa 'yar asalin wurin, wadda Lafa ke ɗebo wa ruwa a maɓuɓɓugar Plum. Ta zo da sandarta tana faɗa. "Sai yau kuka tuna yana da suna? Yaronku ya sani. Ya zo ya tambaye ni tun kafin ya dasa ko ɗaya, ya ce ba ya taɓa kan mutum bai san sunansa ba." Yaya ya ajiye mata yadi da taba, ta taɓa, ta jawo kunnensa ta faɗa masa.

Ya fuskanci dutsen ya kira shi. Ya yi magana da harshenmu, ba da tsawo ba. Ya ce ya yi masa ba'a shekara da shekaru, ya bari daga yau. Ya ce ba faɗa ya zo yi ba, ɗaukar abinsa ya zo.

An kawo Lafa gida ranar Asabar da safe, aka ajiye shi a falo a kan tabarmin dangin ubansa. Akata ta sa masa furanni a wuya. Sun wanke shi tas, amma akwai jar ƙasa a ƙarƙashin farcensa da ta ƙi fita. 'Yar Yaya, taubashiyarsa, ta tsaya a kansa hawaye na zuba, ta ce, "Kai ragon banza, ka ce sai ka ga na yi aure ka cinye min abincin biki. To tashi mana." Mutane suka yi dariya suna kuka.

Yaya ya durƙusa. Ya kai bakinsa kunnen da ya hura wa ranar farko, ya ja numfashi a hankali, ya daɗe bai sake ba. Ya shafa masa goshi, daidai tabon keke. Ya ce, "Na karɓa. Je ka, ɗana, hanya a buɗe take." Sai ya tashi ya ɗauko murfin.

Duk kwanakin nan abin da nake nema ke nan. Don shi na zagi Akata, don shi na ja mijina har arewa. Amma da na ga murfin a hannun Yaya sai na gane abin da na roƙa. Muddin Yaya yana fushi, fuskar ɗana tana nan, ina iya zuwa in gani. Ban san lokacin da na kama hannunsa ba.

"Yaya, ɗan dakata."

Ya dakata. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Na dubi Lafa, na dubi gashin girarsa da ya gado daga ubansa, da ɗan haƙorin da ke leƙowa in ya yi barci. Na duba har idona ya daina gani.

"Auta," Yaya ya ce, ƙasa-ƙasa, "nauyi gare shi."

Na saki hannunsa. Ya rufe.

Mun binne shi a maƙabartar garin, inda in ka ɗaga kai dutsen za ka gani. Da za su koma, Yaya ya zaga bayan gida ya tsaya a kan dashen. Ya ɗauki leda ɗaya ya sa a mota, sauran ya ce Soakimi ya kai su inda yaron ya nufa da su. Ya kai, shi da abokan aikin Lafa, da rani ya wuce. Wasu sun kama, wasu sun bushe.

Na je wurin Iya Eulalie daga baya ta gaya min sunan. Da safe in na fito shanya nakan kira shi da shi, in tambaye shi yaya yaron ya kwana.